Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitocin Ƙarin Girma na Jami'o'inmu da Masu Raba Kuɗin Bincike: Da Wane Mudu Za Ku Auna Aikin Isaiah Fidler?

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku ne game da mudun da kuke auna aikin masu bincike da shi, musamman waɗanda suka duƙufa a kan ciwon daji. Ni malami ne a sashen nazarin cututtuka na ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Arewa, kuma aikina na kullum shi ne duba tsokar da aka yanko daga jikin majinyata a ƙarƙashin madubin likita, in rubuta abin da na gani. Na cike fom ɗinku na neman ƙarin girma, na kuma taɓa zama a wancan ɓangaren na tebur ina ba wa wasu maki, saboda haka duk laifin da zan ambata a nan ina da kasona a ciki.

Ku ba ni dama in fara da gida. Shekarun baya wata ƙanwar mahaifina ta ji kullutu a mamanta, ta ɓoye shi har ya kai girman ƙwan kaza kafin ta gaya wa kowa. Da aka yi maganar tiyata, dattawan gida suka ƙi, suna maimaita abin da kowane ɗayanku ya taɓa ji: daji ba ya son ƙarfe, in wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya watsu. Da ƙyar na shawo kansu aka yi aikin. Gwaggo ta warke, ta koma kan sana'arta ta tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, har aka manta. Bayan shekara biyu da wasu watanni ta fara kukan ciwon baya, aka yi ta shafa man zafi, daga baya ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Hoton da aka ɗauka ya nuna ciwon ya zauna a ƙashin bayanta. A wajen zaman makoki babu wanda ya ce mini uffan, amma na san abin da ke ran kowa, domin a idonsu maganar dattawa ce ta tabbata.

Abin da ya faru da ita yana da bayani, kuma bayanin ya fito ne daga aikin mutanen da na yi imanin mudunku zai tauye su. Kafin wuƙa ta kusanci jikinta, wasu ƙwayoyin ciwon sun riga sun bar mama, sun bi jini, sun sami mafaka a cikin ƙashi, sun kwanta shiru. Tiyata ta cire uwar ciwon, amma ba ta da hannun da zai kai ga 'ya'yan da suka riga suka yi ƙaura. Wannan yaɗuwar ita ce ke kashe mafi yawan masu ciwon daji, ita ce kuma tambayar da Isaiah Fidler, wani mai binciken ciwon daji a Amurka, ya ƙarar da rayuwarsa a kanta.

Tambayar ta girme shi. A shekarar 1889 wani likitan fiɗa na Ingila mai suna Stephen Paget ya zauna ya bi bayanan binciken gawa na mata 735 da sankarar mama ta kashe, yana ƙirga inda ciwon ya je a jikin kowace. Ya tarar ya kai hanta a mata 241, amma saifa, wadda ita ma jini ke kwarara cikinta sosai, a mata 17 kawai ya same ta da ciwon. Ya buga sakamakon a mujallar Lancet, ya kuma kawo misalin da duk manomi zai gane shi nan take: tsiro yana watsa irinsa ko'ina, amma irin ba ya rayuwa sai inda ya faɗa a ƙasar da ta karɓe shi. Mu da muka san gero jigawa yake so, shinkafa kuwa sai fadama, ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi. Duk da haka maganarsa ba ta samu karɓuwa ba. A 1928 James Ewing, babban masanin cututtuka na Amurka, ya ce babu wani sirri, ƙwayar ciwo tana tsayawa ne kawai a inda hanyoyin jini da na kaluluwa suka kai ta, kamar yadda ambaliya ke jibge shara a inda kwata ta toshe. Wannan ra'ayin ne ya yi rinjaye shekaru masu yawa.

An haifi Fidler a birnin Ƙudus a 1936. Likitan dabbobi ne tun asali, ya sami digirinsa a Jami'ar Jihar Oklahoma a 1963, sannan ya yi digirin digirgir a fannin nazarin cututtuka a Jami'ar Pennsylvania a 1970. Aikinsa na farko da ya shahara ƙirga ne tsagwaronsa. Ya ɗauki ƙwayoyin sankarar fata ta ɓeraye, wadda ake kira B16, ya yi musu alama da wani sinadari mai fitar da tururin da na'ura ke iya aunawa, ya zuba su a jijiyar wutsiyar ɓera, sannan ya riƙa bin sawunsu awa bayan awa, gaɓa bayan gaɓa. Kafin kwana ɗaya ya cika kusan dukansu sun mutu, waɗanda suka rage ba su fi ɗaya cikin 100 ba, kuma waɗanda suka kai ga kafa sabon ƙari ba su wuce ɗaya cikin 1,000 ba. Ashe shiga jini kaɗai bai isa ba. Ƙwayar sai ta tsira daga guguwar jini da dakarun garkuwar jiki, ta manne a bangon ƙaramar jijiya, ta fasa ta fita, ta zauna a baƙuwar gaɓa, ta jawo wa kanta sababbin hanyoyin jini, kuma in ta gaza a mataki ɗaya tafiyar ta ƙare.

Sai ya tambayi kansa ko 'yan tsirarun da suka tsira sa'a ce ta kai su, ko kuwa daban suke tun fil azal. Ya ciro ƙarin da ya tsiro a huhun ɓera, ya raine shi a kwano, ya sake zuba shi a wani ɓeran, ya sake cirowa, haka har sau goma. Ina roƙonku ku ɗan tsaya ku yi tunanin wannan aikin: makonni ana jiran ɓera, a yanka shi, a ƙirga baƙaƙen ɗigo a kan huhu ɗaya bayan ɗaya, a koma farko. Zuriya ta goma, wadda ya raɗa wa suna B16-F10, ta fi ta farko iya cika huhu da ƙari nesa ba kusa ba, kuma ya wallafa wannan a 1973. A 1977, shi da Margaret Kripke, masaniyar garkuwar jiki wadda kuma ita ce matarsa, suka nuna a mujallar Science cewa ƙwayoyin da ke cikin ƙari ɗaya ba ɗaya suke ba, wasu tun a gida suke da baiwar yin ƙaura, wasu kuwa ko an zuba su a jini ba sa zuwa ko'ina. A 1980 shi da Ian Hart suka dasa gutsattsarin huhu da na ƙoda da na gidan ƙwan mace a cinyar ɓeraye, suka zuba ƙwayoyin ciwon a jini. Ƙwayoyin sun isa ko'ina, amma a dashen huhu da na gidan ƙwai suka tsiro, suka ƙi dashen ƙoda. Bayan shekara 91, hujjar Paget ta fito daga cinyar ɓera. Ewing ma bai faɗi gaba ɗaya ba, domin hanyar jini tana da nata rabon, shi ya sa sankarar hanji take fara sauka a hanta.

Yanzu ku ɗauko fom ɗinmu, mu auna. Paget maƙala ɗaya ce, mawallafi ɗaya, ba na'ura, ba tallafi daga waje, kuma ƙarni ya kusa cika kafin a tabbatar da ita. A gun kwamitinmu maki kaɗan za ta ci, za a kuma ce masa ya ƙaro wasu kafin a duba batunsa. Fidler kuwa ya wallafa maƙalu ɗaruruwa, don haka zai haye cikin sauƙi, amma ba don dalilin da ya sa ake tunawa da shi ba. Fom ɗinmu zai ba maƙalarsa ta 1977 maki daidai da na kowace maƙala da ta fito a mujalla mai daraja irin wannan, alhali ita ce ta sauya yadda likitoci ke kallon ƙari, daga tarin ƙwayoyi masu kama ɗaya zuwa gari mai ƙabilu iri-iri, wanda magani ɗaya zai iya kashe wasu ya bar wasu. Babu gurbi a fom ɗin da za a rubuta B16-F10, ƙwayoyin da har yau ake raino a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. Zuriyar waɗannan ƙwayoyin na cikin abubuwan da James Allison da abokan aikinsa suka yi amfani da su a 1999 wajen gwada dabarar kwance wa garkuwar jiki takunkumi don ta yaƙi sankara. Maganin da ya fito daga wannan dabarar, ipilimumab, ya sami amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2011 domin masu sankarar fata da ta riga ta yaɗu, Allison kuma ya sami kyautar Nobel a 2018. Sunan Fidler ba ya jikin kwalbar maganin, amma wasu daga cikin ɓerayen da aka yi gwaji a kansu zuriyar ciwon da ya tace ce aka dasa musu.

Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba. Fidler, wanda ya koma cibiyar MD Anderson da ke Houston a 1983 ya kuma rasu a 2020, bai gano maganin da ke hana ciwon daji yaɗuwa ba, har yau ma babu wanda ya gano shi. Abu mafi kusa da magani da ya fito kai tsaye daga ɗakinsa shi ne dabarar zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ta hanyar naɗe sinadari cikin 'yan ƙananan ƙunshin kitse. An gwada ta a karnuka masu sankarar ƙashi, likitar yara Eugenie Kleinerman ta kai ta ga yara, aka amince da maganin a Turai a 2009 da sunan mifamurtide, Amurka kuwa ba ta amince da shi ba. Tsakanin gwajin farko a ɓeraye da wannan amincewar an kusa shekara 30. A ƙarshen rayuwarsa ya koma kan yaɗuwar ciwon zuwa ƙwaƙwalwa, inda ya nuna cewa ƙwayoyin da Allah Ya ɗora wa aikin kare jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna rungumar baƙuwar ƙwayar sankara su kare ta daga kemo, wato maganin da ake bayarwa don kashe ƙwayoyin sankara. Wasu kuma suka ɗora a kan tubalinsa: Joan Massagué da tawagarsa a New York sun zaƙulo ƙwayoyin gadon da ke kai sankarar mama ƙashi a 2003, huhu a 2005, ƙwaƙwalwa a 2009, ta hanyar tacewa irin wadda Fidler ya fara, David Lyden da abokansa kuma suka nuna a 2005 cewa ƙari yana aika saƙo a gyara masa gona tun kafin irinsa ya sauka.

Na san za ku ce ai shi ya sa ake ƙirga yawan ambaton da maƙala ta samu, tun da wanda aikinsa ya yi tasiri za a yi ta ambatonsa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ma'aunin da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, mai haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, ya fi ƙirga takardu zalla. Amma wannan fannin da kansa ya koya mini yin hattara. Maƙalu marasa adadi suna buɗewa da cewa kashi 90 cikin 100 na masu mutuwa da ciwon daji yaɗuwa ce ke kashe su, wannan ya ambaci wancan, wancan ya ambaci na gabansa, har maganar ta zama kamar nassi. Da wasu masu bincike a Norway suka koma ga rajistar ƙasarsu suka ƙirga a 2019, sai suka sami kusan kashi biyu cikin uku a sankarar gaɓoɓi. Yawan maimaita magana bai mayar da ita awo ba, kuma rajista ce ta gyara lissafin. Su kansu Turawan da muka aro mudun a wajensu sun fara gyara shi. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nemi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya yi wallafa a cikinta. Birtaniya kuma tun 2014 ta ware kashi 20 cikin 100 na makin tantance binciken jami'o'i ga amfanin da ya isa ga jama'a, ta ƙara shi zuwa 25 a 2021, tana kuma duba aikin da aka yi har shekara 20 baya. Ko wannan faɗin bai isa ya ɗauki Paget ba, balle tallafin wata 12 ko 24 da ake son a ga sakamakonsa kafin a rufe lissafin shekara.

Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu fiye da kowa shi ne majinyatanmu. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya nuna cewa sama da mutum 120,000 ke kamuwa da ciwon a Nijeriya kowace shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Mafi yawansu ba sa isowa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Dattijo yakan zo ne an ɗauko shi saboda baya ya riƙe, sai a gano sankarar furostet ce, wadda jama'a ke kira ta mafitsara, ta riga ta cinye ƙashi. Sankarar fatar da Bature ke samu a bayansa saboda rana, mu a tafin ƙafa muka fi ganinta, manomi ya ɗauka kaushi ne ko tsohon miki, har sai kaluluwa ta kumbura a matsematsinsa. Wato abin da masu bincike a Houston ke wahalar ƙirƙirowa a jikin ɓera, mu shi ne ke kwance a gadajenmu kullum, amma ba mu rubuta shi yadda wani zai iya ƙirgawa.

Ba a cika yin binciken gawa a wajenmu ba, saboda addini da al'ada sun sa muna gaggauta sutura, kuma ba na neman a sauya wannan. Hoton ciki, da na ƙirji, da fayil ɗin majinyaci, da tsokar da ke ajiye a cikin kakin ɗakin gwaji, sun isa su yi mana abin da gawa ta yi wa Paget, in an adana su an kuma bi majinyaci har ƙarshe. Matsalar ita ce mai bin nan ba shi da lada a wajenku. Malamar da ta shekara biyar tana kiran wayar dangin mata ɗaya bayan ɗaya don ta san wace ce ke raye, wace ce ciwon ya dawo mata kuma a wace gaɓa, za ta fito da maƙala ɗaya. Abokin aikinta da ya raba takardar tambayoyi ga ɗalibai ya tsinka sakamakon gida huɗu zai riga ta zama farfesa. Na ba da irin wannan makin da hannuna, ina sane da cewa tsarin ne ya ce in bayar. Rajistar ciwon daji ta Ibadan tun 1960 take, kuma duk wanda ya taɓa neman alƙaluman ƙasar nan ya ci moriyarta, amma ban ga gurbin da ke saka wa wanda ya riƙe rajista shekara goma ba tare da giɓi ba.

Akwai kuma tambayar da babu mai amsa mana ita daga waje. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Chicago, ta jagoranci binciken da aka wallafa a 2009 a kan tsokar mata 507 daga Nijeriya da Senegal, inda aka ga cewa nau'in sankarar mama mai zafin nama, wanda ba ya jin magungunan da ke toshe sinadaran mata, ya fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da Turawa. Wannan babban lamari ne, domin shi ke yanke ko za a ba mace ƙwayar tamoxifen ko ba za a ba ta ba. Sai dai mu da ke ɗakin gwaji mun san wani abin da ke iya gurɓata wannan awon. Sau da yawa ɗan'uwan majinyaciya ne ake miƙa wa tsokar a cikin robar da aka samu, ya shiga motar haya da ita daga wani gari, ruwan fomalin da ke hana ta ruɓewa bai rufe ta ba ko an tsinka shi ya salance, ta kwana biyu a zafi kafin ta iso tebur ɗina. Irin wannan tsokar tana iya nuna babu alamar da ake nema alhali akwai ta, a hana mace maganin da zai amfane ta. Sanin nawa ne daga irin ciwonmu, nawa ne kuma daga robar, bincike ne na gaske, mai arha, mai ceton rai, amma ba ya da ƙyalli a fom.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku buɗe gurbi inda mai neman ƙarin girma zai zaɓi ayyukansa uku ko huɗu ya bayyana da bakinsa abin da kowanne ya sauya, masu tantancewa kuma su karanta ayyukan da kansu maimakon ƙirga su. Rajista, da ma'ajiyar tsoka, da jerin majinyatan da aka bi shekaru, su zama abin ba wa maki kamar maƙala, kuma a cikin kuɗin da Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu ke warewa bincike, da wanda cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, wato NICRAT, ke sarrafawa, a sami kason da zai kai shekara biyar zuwa goma, tun da sankarar mama mai jin sinadaran mata tana iya kwanciya shekara 20 kafin ta farka. Ku tuna kuma Fidler likitan dabbobi ne. A Zariya da Sakkwato da Maiduguri tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa duk na jami'a ɗaya ne, karnuka kuma suna yin sankarar mama da ta ƙashi mai yaɗuwa kamar ta mutane, don haka aikin haɗin gwiwa tsakaninsu bai kamata ya zama dalilin rage wa kowa maki ba da hujjar cewa ya fita daga fanninsa.

Roƙona na ƙarshe shi ne ku ɗauki bayanin da malami ya yi wa jama'a da harshensu a matsayin aiki. Da a lokacin Gwaggo akwai wanda ya zauna da dattawan gidanmu ya yi musu bayanin iri da ƙasa da Hausar da suke ji, ya gaya musu cewa kemo da ake yi bayan tiyata farautar irin da ya riga ya watsu ne, da ba ta tsaya a zagaye na biyu ba don an ce ai an cire ciwon, ruwan wahala ne kawai. Ni ne ya kamata in yi wannan zaman, amma a watan ina fama da gyaran maƙalar da nake bukata kafin a rufe karɓar takardun ƙarin girma.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi muku jagora a kan amanar da ke hannunku.

Wassalam,
Naku, malamin nazarin cututtuka daga ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Arewa.